Jika na Goma Sha Uku

A rumfar mai ɗinkin littattafai, wata mata ta ajiye tsohon Littafi Mai Tsarki a kan tebur, bangonsa duk ya yage.

"Na babanmu ne, wata bakwai ke nan da rasuwarsa. A yi masa sabon bango, amma kada ka taɓa shafin farko."

"Allah ya ji ƙansa. Fasto ne?"

"Ina! Kafinta ne. Bai taɓa kai loma baki ba sai ya jera mu a addu'a, daga Mama har jikoki. Abinci ya huce, mu yi ta hararar kwano. Duk jikan da aka haifa, a nan yake rubuta sunansa da fensirin aikinsa."

Mutumin ya gyara tabarau, ya bi layin da yatsa.

"Tubarkalla, sha uku."

"Sha biyu dai."

"Baiwar Allah, da idon nan nake cin abinci. Sha uku ne."

"Ni zan manta 'ya'yan yayyena? Tun ranar jana'iza littafin yana kulle a akwatina, makullin yana wuyana."

"To ga shi, hannu ɗaya, fensiri ɗaya. Sai dai na ƙarshen babu suna, 'na cikin Auta' kawai ya rubuta. Wace ce Auta?"

Ita ce autar gidansu. Ta dafa cikinta. Juna biyun sati shida ne kacal, ko mijinta ba ta gaya wa ba.

"Malam, ba ni kayana," in ji ta a hankali. "Kada ka ɗinke. Bai gama da shi ba."