Rijiyar da na haƙa a ƙarƙashin ɗakina

Assalamu alaikum ya ustaz mai gabatarwa. Ni ne Haruna, manomin riɗi daga Gadarif.

Kowa ya san baƙar ƙasarmu, da rani ta dare har ƙafa ta shige, da damina ta kumbura. Sau biyu ina gina ɗakin bulo, sau biyu bango yana tsagewa. A na biyun ma bulo ya faɗo kan gadon 'yata, Allah ya sa tana tsakar gida.

Sai Usta Bashir, tsohon magini, ya ce mini, "Ya Haruna, ba laifin bulo ba ne. Haƙa tushe har ka wuce inda ƙasa ke darewa, ka zuba yashi da dutse, kuma kada ruwa ya kwanta gindin bango."

Na yi ta haƙa. Kullum maƙwabcina Isa sai ya leƙo ta kan zana ya ce, "Mai rijiya, an kai ruwa?" Wallahi na ji haushi, amma na ci gaba da haƙa.

Alhamdu lillahi, damina uku ke nan da na gama ginin, ko tsagar da allura za ta shiga babu.

A gaishe mini da Usta Bashir. A gai da Isa ma, yana can yana haƙa tasa rijiyar, kuma da shebur ɗina!