Rabin Tankin da Ba Kowa

A shagon mai sayar da kifin ado, wata dattijuwa ta daɗe tsaye gaban tankunan gilashi kafin ta yi magana.

"Ɗan nan, ƙanana nake so, masu haƙuri, waɗanda ba sa faɗa."

"Akwai, Iya. Amma ni ba na sayarwa sai na ji wanda ke cikin ruwan tukuna, kar babba ya yi kalaci da su. Wane iri ne a gidanki?"

"Babu ko ɗaya. Tankin maigidana ne. Yana da wani baƙin kifi da ya shekara bakwai yana kiwo, sati guda ne tsakanin rasuwarsa da mutuwar kifin."

"Allah ya jiƙansa. To ai da sauƙi. Ɗauki shida cikin jajayen nan, tare suke yawo."

"Irinsu na saya kwanaki. Sai suka takure a kusurwa ɗaya, rabin tankin ba mai ƙetarawa. Suka ƙi ci har suka mutu."

"Ruwan ne. Kin canja shi?"

"Sau uku. Kuma abincin da nake zubawa ta ɓangaren da ba kowa, kafin in juya ya ƙare."

Mai shagon ya mayar da 'yar ragar kamun kifinsa kan ƙusa.

"Iya, ki zubar da ruwan nan, ki kife tankin."

"In na kife, ina kake so baƙin kifin ya koma? Mu biyu ne fa a gidan. Kai dai zaɓo min waɗanda zai yarda da su."