Ranar da Na Hana a Binne Sajan

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Saratu, matar marigayi Sajan Ɗanladi, daga wani ƙauye a gefen Bagwai.

Mijina tsohon soja ne. Ko a shekarun da fansho ya daina zuwa, muna cin tuwo ba miya, yakan ce mini, "Saratu, ranar da na mutu kar ki wahalar da kanki. Soja ke binne nasu. Akwati, tuta, kuɗin jana'iza, duk haƙƙina ne." Na riƙe maganar nan gam.

Ya rasu da bazara, lokacin wahalar fetur. Na tura ɗanmu Iliya Kano ya sanar a bariki, da ƙyar ya samu mota. Kafin azahar maƙwabta sun taru da fatanya da shebur. Mai unguwa ya tsaya a zaure ya ce, "Saratu, kin san garin nan gawa ba ta kwana. Ki ba mu izini."

Na ce, "Malam, ba mai taɓa shi sai sojoji sun zo."

A tunanina, in aka rufe shi da ƙasa, shi ke nan haƙƙinsa ya faɗi, kamar bai taɓa ɗaukar bindiga ba. Kun san ni da taurin kai. Mai bisharar ikilisiyarmu ma ya yi magana, na juya masa ƙeya. Muka kwantar da Sajan a kan jiƙaƙƙen yashi, ina yi masa fifita.

Washegari ba Iliya, ba soja. Zafi kamar a bakin murhu. Matan zumunta suka fara komawa bakin ƙofa da zama, ba wadda ta faɗi dalili. Ni ma hancina ya gaya mini.

Wayyo! Nan na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, ina neman masa daraja, ga shi zan kunyata shi. Ka karya mini zuciyar nan." Na yi kuka sosai. Da na tashi, nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Na fita na ce wa mai unguwa, "Malam, ku haƙa."

Musulmi suka haƙa, 'yan ikilisiya suka naɗe shi da farin yadi, muka kai shi bakin gonarsa da waƙa.

Da yamma Iliya ya iso, rabin hanya a ƙafa. Ya ce, "Mama, sun ce a binne, a kai shaidar rasuwa daga baya, haƙƙinsa na nan." Taimakon ya zo bayan kaka, na gode.

Amma ba shi na tsaya faɗa muku ba. Kafin a rufe shi na buɗe yadin na duba. Fuskar Ɗanladi ce, ba ta riga ta canja ba. Da na ƙara yini guda, da ban iya kallonta ba.

Na gode wa Ubangiji da ya kwance ni a kan lokaci. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Amin.