Baƙin Man Mashin Ɗin Lukuman

A rumfar mai sayar da baƙin mai a Tudun Wada, wani dattijo ya ɗauki gwangwanin man mashin. Hezekiya, da ke jiran a yi wa mashin ɗinsa juye, ya kasa yin shiru.

"Baba, ajiye wannan, ba shi da kauri. Bazara ta shigo. In ka gangara Bauchi da shi, zafi zai tsinka shi, inji ya buga."

"Irinsa ɗana Lukuman yake zubawa."

"To Lukuman bai san mashin ba! Turo shi in koya masa."

Dattijon ya shafa gwangwanin. "Ya rasu bara, samari."

"Wayyo, Baba, yafe ni. Allah Ya jiƙansa. Yanzu kai ke hawa?"

"Ina! Ko ƙofar gida ba ya fita. Da safe nake tayar da shi ya ɗan yi ƙara, don mahaifiyarsa ba ta iya karyawa sai ta ji. Kwanan nan ya fara gardama. Tsorona wata rana ya ƙi tashi."

Hezekiya ya juya wajen mai rumfar.

"Oga, ba shi marar kaurin. Da sanyin safiya, shi ya fi saurin tayar da inji."