Tarin Motar Maje

A bencin wani gareji a Sabon Gari, Maje direba ya ƙura wa injin tsohuwar motarsa ido, an kwance shi a kan buhu. Kusa da shi wani Alhaji yana jiran a duba masa sabuwar Fijo.

"Malam, me kake jira?" in ji Alhajin. "A goge cikin silinda, a sa sabon ringi, hayaƙi ya ɗauke."

"Haka bakanike ya ce, Alhaji. Wai sai ta riƙa tafiya kamar kwalekwale a kan ruwa."

"To, ina matsalar?"

"Innata ba ta gani. Tun daga kwanar Fagge take jin tarin motar nan, sai ta ce a ɗumama tuwo, Maje ya dawo. In tarin ya tafi, da me za ta san ni?"

"In ka bar ta haka kuwa, wata rana a dajin Gumel za ta kwana da kai, Inna tana ta saurare."

Maje ya sunkuyar da kai yana kallon injin.

Alhajin ya shafa gemu, idonsa a kan Fijon. "Tawa tsohuwar, da an ji ta yara sun fito da gudu. Wannan kuwa har in shiga zaure ba wanda ya motsa."

Maje ya miƙe a hankali, ya kira bakanike.

"Goge, ka sa ringin. Amma hujin nan na salansa, don Allah kada ka liƙe shi."