Ranar da Ba a Bugo Waya Ba

A ƙofar garken da ƙaramar hukuma ke tsare ɓatattun dabbobi, na ji wani dattijo yana yi wa wata mata ƙorafi. A yaren garin, Mma da Rra su ne Malama da Malam.

"Kwana uku jakata ba ta sha ruwa ba, Mma. Ga ta da ciki."

"Rahoton mai duba garke ya ce kullum akwai ruwa, Rra."

"Ai sai ta bugo waya take zuwa. Kafin ta iso an zuba."

"Don a buɗe min ƙofa nake bugowa."

Dattijon ya cire hularsa. "Ban ce komai ba, Mma. Kada ma'aikatan garken su huce a kan jakata."

Matar ta miƙe. "Yau ban bugo ba. Taso ka nuna min ita."