Jar Motar Ɗan Alhaji

Wata malamar makaranta na zaune a gareji tana jiran gyaran birki, sai aka jawo wata jar motar tsere ta lotse kamar gwangwani.

"Innalillahi! Wai ɗan shekara sha takwas ke tuƙa ta," ta ce da dattijon gefenta. "Wane uba ne zai saya wa ɗansa likkafani mai taya?"

"Ni ne uban, baiwar Allah."

Ta dafe ƙirji. "Yi haƙuri, Alhaji. Ya jikin yaron?"

"Ko ƙwarzane bai yi ba. Mai keken da ya buge ne aka yanke wa ƙafa."

"Subhanallah! Kana nan kuma, ba ka asibiti?"

"Na zo in ji ko za ta gyaru kafin Asabar. Yaron ya ƙi cin abinci tun jiya."